Matar da Ta Yanke Mana Kofi

Kowace safiya takan fito aiki da ƙaramin cokali a aljihun farar rigarta, inda sauran ma'aikatan jinya ke soke biro. Shi ya sa ake ce mata Mai Cokali. Shekara talatin tana bin marasa lafiya gida-gida, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ni da nake yini ina kallon yadda ƙadangare ke haɗiye ƙuda, ban san haɗiya ma aiki ce ba sai a hannunta.

Ciwon da ke kashe jijiyoyin motsi ya kama matata. Ya ci harshe, ya gangaro maƙogwaro. Ko ruwa ta kurɓa sai ya sarƙe ta, ta yi ta tari har ido ya kaɗa. Tsoro ya hana ta ci da sha, zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Ni kuwa, don tausayi, komai sai in tsinka shi da ruwa, in ɗaga mata kai sama kamar kaza.

Mai Cokali ta tarar da ni a haka.

"Haba Baba, da ƙauna za ka ƙarasa ta? Tsinkakken ruwa ɗan gaggawa ne, hanyar iska yake faɗawa."

Ta zaunar da matata sosai, ta sunkuyar mata da haɓa. Ta kaurara ruwan da wani gari na asibiti, ta niƙa dankali da ƙwai da mai don loma kaɗan ta riƙe ciki. Sai ta zaro almakashi ta gutsure bakin kofin roba.

"'Yar nan, sabo ne fa!"

"Hancin Iya nake yi wa ƙofa, ta sha ba sai ta ɗaga kai ba."

Ta ba matata kurɓi ɗaya, ta ɗora yatsu biyu a wuyanta. Maƙogwaro ya hau, ya sauka. Ba tari. Sai lokacin na saki numfashi.

Mai Cokali, ke ce ba ki yi mana ƙarya ba. Kin ce ciwon ba ya warkewa, wata rana sai an sa robar abinci ta ciki, kuma wannan ba gazawa ba ce. Ke ce mai jiran loma ta sauka, kamar babu kowa a duniya sai wanda ke gabanki.

Jiya matata ta cinye kwanonta, ta shiga nuna haruffa ɗaya bayan ɗaya a allon da take magana da shi tun da harshe ya ƙi. Na haɗa da ɗan karatuna: "Ba gishiri, tsoho."

Mun gode, 'yata, Allah ya ba ki masu yi miki. Masu jinya, ku koyi haƙurinta, kada ku riga maƙogwaro. Ni dai bari in nemo gishiri.