Fuskar Kawu a Hannun Kamfanin Sinima

Ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, cikin Dakoro lokacin da masu ɗaukar fim suka zo. Hutu ne, ina zaune gida, aka aiko daga biron farfe, wato ofishin mai mulkin gunduma, cewa ana neman wanda ke jin Faransanci da Hausa, ya raka wasu baƙi daji. Su biyar ne cikin motoci biyu, shugabarsu wata mata mai furfura da yawan murmushi. Ta ce suna son su nuna wa duniya yadda makiyaya ke shayar da dabbobi da rani.

Ni na kai su wurin kawuna, yayan mahaifiyata, a wata rijiya wajen Azagor. Ba wanda ya tilasta mini. So nake a gan shi, domin dogo ne mai kwarjini, in ya naɗa rawani ya rataya takobi sai ka sake dubansa. Ya yanka musu rago, ya ba su inuwar da ta fi kyau. Kwana shida suna binsa da na'ura. Ranar tafiya matar ta fito da takarda mai shafi uku, ta ce ya dangwala yatsa. Kawu ya tambaye ni abin da ke ciki. Na duba shafin farko sama-sama, rana ta yi zafi, direbobi sun tada mota. Na ce masa izinin hoto ne kawai. Ya dangwala, ni kuma na sa hannu a matsayin tafinta.

Damina biyu ta wuce ba mu ji komai ba. Sai wani abokin aikina ya miƙo mini wayarsa a farfajiyar lakwal, ya ce, "Mushe, wannan ba kawunka ba ne?" Mushe ake kiran malaman lakwal a wajenmu, daga Faransanci.

Shi ne. Amma ba fim ɗin makiyaya ba ne. Wani dogon wasan telebijin ne a kan masu satar mutane a hamada, kuma duk kashi da fuskar Kawu yake buɗewa. Yana tsaye, ya ɗaga hannu yana tsawa, an sa kiɗa mai ban tsoro, a ƙasa an rubuta da Faransanci cewa kada a bar kowa da rai. Ina wurin ranar da ya yi wannan tsawar. Ɗansa yake wa magana, ya tsayar da bijimin da ke jan guga kafin igiya ta tsinke.

Cikin mako guda hoton ya zaga wayoyin garin. Ranar kasuwa dillalai suka dinga kiransa shugaban 'yan bindiga, suna dariya. Wani baƙon mai sayen shanu bai ɗauke shi wasa ba, ya janye hannunsa bayan ya miƙa. Kawu ya kora dabbobinsa ya koma daji tun kafin azahar.

Na rubuta wa matar. Ta amsa da dogon ban haƙuri, ta ce ƙaramin kamfaninta ya durƙushe kafin ta gama fim ɗin, wani babban kamfani ya saye shi da duk abin da ke cikin ma'ajiyarsa. Ta ba ni adireshi. Masu adireshin suka ce su ajiya kawai suke yi, in nemi reshen da ke shirya wasanni. Reshen shirya wasanni ya ce shi ya gama nasa, wasan yanzu yana hannun reshen rarrabawa, wanda ke wata ƙasa. Reshen rarrabawa ya ce ya ba reshen da ke nunawa ta intanet haya. Duka tambarinsu ɗaya ne a saman takarda, kuma duka da "muna jin zafin abin da ya same ku" suke farawa.

Haushi ya sa na zauna na karanci tarihinsu. Wasu 'yan'uwa biyu ne suka kafa kamfanin tun zamanin fim marar magana, da rumfar nuna hoto suka fara. Jikokinsu suka sayar wa wani gidan telebijin, gidan telebijin ya haɗe da masu buga mujallu, daga baya kamfanin waya ya haɗiye su gaba ɗaya, ya gaji da su, ya sake yanka su gida-gida. Wata rana bayan an tashi yara na zana abin a allon aji, akwati bisa akwati, ina neman na ƙoli. A ƙoli na tarar da majalisar daraktoci, su kuma suna amsa wa masu hannun jari, masu hannun jarin kuma wasu kamfanoni ne. Na cika allon ban kai ga mutum ɗaya da zan iya tsayawa gabansa in ce ya ci amana ba. Ina ganin da gangan aka gina shi haka, kuma har yau ban sauya ra'ayi ba.

Amsa ta ƙarshe daga lauyansu ta zo. Gajera ce, ba ban haƙuri. Ya haɗo da kwafin takardar nan mai shafi uku, ya ja layi ƙarƙashin wata jimla a shafi na biyu: hoton da muryar na kamfanin ne da duk wanda ya gaje shi, a ko'ina, ta kowace siga, har abada. Ya kuma ja layi ƙarƙashin sa hannuna. Ya ce an fassara wa mai hoton komai, ga shaidar tafinta.

Na ɗauki takardar na hau babur zuwa Azagor. Na sami Kawu yana gyaran igiya a gindin adua. Na karanta masa shafi na biyu da Hausa, kalma bayan kalma, yadda ya kamata in yi tun farko.

Da na gama ya ce, "Wanga rubutu, yana nan ranar da na dangwala?"

Na ce yana nan.

"Ka gan shi?"

"Ban buɗe shafin ba, Kawu."

Ya ci gaba da murɗa igiyarsa. Can ya ce, "To mai kamfanin, ina yake zaune? In da hali in aika masa."

Na fara yi masa bayanin rassa da majalisa da masu hannun jari. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Garke ko na mutum goma ne, akwai wanda ake kira in ya shiga gona. Su ba su da shi?"

Na ce ban same shi ba.

"To kai na sani, Mushe," in ji shi.

Tun ina yaro "ɗana" yake ce mini. Daga ranar nan Mushe na koma, kamar kowane malamin lakwal. Ya sa aka kawo mini nono, ya tambayi lafiyar mahaifiyata, bai sake ɗaga maganar ba.

Bai ƙara taka kasuwar Dakoro ba, 'ya'yansa ke kawo dabbobi. Wasan kuma ya samu karɓuwa, sun ƙara masa zango biyu, duka da fuskarsa. Na sake rubuta musu sau huɗu. Wasiƙar ƙarshe ta dawo mini ba a buɗe ba, da hatimi a bayanta cewa babu kamfani mai wannan suna a adireshin. Da na bincika sai na ga an sake sayar da su, sun sauya suna da tambari, kuma reshen da lauyan yake wa aiki an rufe shi.