Furar Alhamis a Rugar Su Bello

Shekara takwas ke nan da muka kai Yaya Habu makwancinsa a Kura, amma rashinsa bai taɓa hana ni sukuni irin na 'yan kwanakin nan ba. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kocin ƙwallon kwando, aikin da har mahaifinmu ya rasu bai yarda sana'a ba ce. Yakan ce, “Ƙato da kai, a ce aikinka koya wa ƙarti jifa cikin kwando marar gindi?”

Ya daɗe a Legas yana horar da wata ƙungiya mai biyan 'yan wasanta albashi. Akwai Yarbawa, akwai Ibo da Tibi, ga wasu dogaye biyu daga Senegal. Ya ce a shekararsa ta farko kashi suka yi ta sha, ba don rashin gwanaye ba. Da wasa ya yi zafi, kowa ɗan yarensu yake nema ya miƙa wa ƙwallo, ko da wani na tsaye a gindin kwando ba mai tare shi. Ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, a banza. Sai ya kafa doka: duk Alhamis, ƙungiya kaf za ta ci abinci a gidan ɗan wasa ɗaya, bi da bi, kuma a kwano ɗaya. Shi kansa bai tsira ba. Ranar da layi ya zo kan wani ɗan Kalaba aka kawo miyar dodon koɗi. Ya ce bismilla ya yi, ya runtse ido ya haɗiye, don duk shi ake kallo.

Da ciwo ya dawo da shi gida, bai iya zama ba. Ya sa aka dafe wani fili da siminti kusa da babbar hanyar ruwa, da safe mata su shanya shinkafa, da yamma a share a yi wasa. Ya tara 'ya'yan manoman rani da samarin rugagen wajen Bunkure, har da Chinedu, ɗan mai gyaran injin ban-ruwa. Dokar Alhamis ma ya taho da ita. Da ya rasu aka ɗora mini ƙungiyar, ni manomin tumatir da ban iya komai ba sai busa usur.

A watan jiya shanun rugar su Bello suka shiga gonar Malam Isa, suka cinye shinkafar da ta kusa yanka. Malam Isa shi ne mahaifin Sani, kuma Sani da Bello su ne ƙashin bayanmu, tun suna yara Yaya Habu ya haɗa su. Magana tana gaban manya, amma ta riga ta iso filinmu. Ina tsaye ina gani ƙwallo ta daina ƙetarawa daga manomi zuwa makiyayi. Ana haka layin Alhamis ya faɗo kan rugar su Bello, 'ya'yan manoma suka ce ba mai taka ƙafarsa can.

Dattawa suka ce in ɗage zaman Alhamis ɗin har ƙura ta lafa. Na kasa zaune na kasa tsaye. Na san in Alhamis ɗaya ta faɗi, ƙungiyar ta rabe biyu ke nan, kuma wata rana za a wayi gari ana buga wasan manoma da makiyaya, abin da Yaya Habu ya haramta tun ranar farko. Me zai ce da ya ga hoton gonar nan yana yawo a waya, kowa na ƙara masa gishiri? A Legas mutanensa ba su jin yaren juna. Nawa kuwa, in aka cire Chinedu, yare ɗaya, masallaci ɗaya, ga shi sun fi ƙarfina.

Ranar Alhamis bayan la'asar na goyi Chinedu a babur muka nufi ruga. Inna, mahaifiyar Bello, ta dama fura a ƙatuwar ƙwarya, wadda za ta ishi ƙungiya duka. Ta leƙa bayanmu.

“Malam, ina sauran 'ya'yan nawa?”

Na ce, “Suna tafe, Inna.” Kunya kamar in nutse.

Mun zauna da Bello ke nan, sai ga ƙarar babur. Sani ne, shi kaɗai. Ya durƙusa ya gaida Inna, bai ko kalli Bello ba, sannan ya juyo gare ni.

“Kawu, kada ka ɗauka na huce. Gonarmu dai an cinye ta. Amma marigayi Koci bai taɓa cewa sai wanda ya huce zai zo ba.”

Bello ya cika ludayi ya miƙa masa. Sani ya ɗan jima yana kallon ludayin, sannan ya karɓa ya shanye, ya mayar masa.

Kofunan da Yaya Habu ya ciwo suna kan kabad sun yi tsatsa, simintin fili ya tsattsage. Abin da ya rage nasa shi ne mu huɗun nan da muka kewaye ƙwaryar da ta fi ƙarfinmu. Ban san ko hakan ya isa ya riƙe ƙungiya ba, kuma har yanzu hankalina bai kwanta ba. Allah Ya jiƙanka, Yaya, ka bar mini aiki.

Alhamis mai zuwa layin gidan su Sani ne, gidan Malam Isa mai gonar. Da za mu tafi, Bello ya rako ni har bakin hanya. Ina tayar da babur ya riƙe mini hannu, ya ce, “Kawu, ƙarfe nawa za a hallara?”