Ranar da Na Naɗe Haske a Asuwaki

Mu mutanen kudancin Jigawa ba mu yarda abu yana yin yawa ba. In za a zuba wa baƙo tuwo sai ya kere bakin kwano, in an kafa lasifika a gidan suna sai an ƙure ta har mutanen ƙauyen Surko su san an haihu. Ni ma a haka na tashi, sana'a ce ta raba ni da wannan hali. Aikina kula da wayar faiba, siririn zaren gilashin nan da ake binnewa a gefen titi, wanda haske ke bi ta cikinsa ɗauke da saƙo. A lokacin ni ke riƙe da layin da ya tashi daga Birnin Kudu zuwa Gwaram.

A Gwaram akwai wani Alhaji mai sayar da hatsi da ya gina ɗakin kwamfutoci, don yaran yankin su riƙa zana jarrabawar shiga jami'a a gida. Amma sai masu duba cibiyoyi sun zo sun gwada. In layi ya yanke a gabansu, shi ke nan, sai yara su nemi wani gari. Ni abin ya shafe ni har cikin gida. 'Yar yayata, wadda shan inna ya taɓa wa ƙafa tun tana goye, ta yi shekara tana karatun jarrabawar nan. Da sanda take tafiya, doguwar tafiya a mota kuwa kwantar da ita take yi. Yayata ta riga ta faɗa mini: in ba a Gwaram ba, to bana ma an haƙura.

Tsohon layin duk ɗori ne. Masu gyaran titi sun sha yanke shi, mu kuma mu haɗa, har hasken da ke isa Gwaram ya zama kamar fitilar da batirinta ya kusa mutuwa. Don haka na'urar da ke karɓar hasken a ɗakin Alhaji muka ƙure mata amfilifaya, wato ɓangaren da ke ƙara wa saƙo ƙarfi, muka bar shi a haka. Ana nan sai aka shimfiɗa sabuwar waya ina Kano wajen wani aiki. Alhaji kuma, da ya ji masu duba na tafe, ya sa aka sayo fitila mai aika haske mafi ƙarfi a kasuwa, irin ta tafiya mai nisa, aka ɗaura a Birnin Kudu.

Ranar zuwan masu duba, da hantsi, ya kira ni yana huci.

"Malam, sabuwar wayar taku ta fi tsohuwar lalacewa! Layi ya kawo, ya ɗauke, ya kawo, ya ɗauke. Ka zo ka ƙara mata ƙarfi."

Na hau babur, ban tsaya ba sai Gwaram. Na tarar da shi yana safa da marwa a tsakanin kwamfutoci, da asuwaki a baki. Na zare igiyar gilashin daga na'ura na jona a mitar da muke auna haske. Da na ga abin da ta nuna sai dariya ta kubce mini. Haske ya yi yawa, har ya wuce abin da idon na'urar zai iya ɗauka.

"Dariya kake?" in ji Alhaji.

"Alhaji, waya lafiyarta lau. Ƙarfi ne ya yi yawa. Ragewa zan yi."

Ya cire asuwakin daga baki ya dube ni kamar na ce zan zubar masa da buhun gero a rijiya. "Ragewa? Ni da na ce a sayo mafi ƙarfi? Wa ya taɓa mutuwa don ƙoshi?"

Ni ba mai haƙurin bayani ba ne, kowa ya sani, amma ranar sai na tuna mahaifina. Shi ke kula da amfilifayar masallacin unguwarmu lokacin tafsirin azumi, kuma Alhaji ya san shi.

"Ka tuna yadda Baba ke zama kusa da amfilifaya, hannunsa a kan maɓalli? In malam ya sassauta murya ya ƙara, in ya zo ayar azaba ya ɗaga murya sai ya rage. Ranar da Baba ba ya nan aka ƙure ta, me aka ji?"

"Gurnani kawai," ya ce. "Ko kalma ɗaya ba a gane ba."

"To gurnanin ne na'urarka ke ji."

Na shiga saitin na'urar, na cire amfilifayar daga ƙurewar da muka yi mata, na mayar da ita yadda za ta riƙa auna hasken da ya shigo tana ƙarawa da ragewa da kanta. Layi ya ɗan natsu, sannan ya sake ɗaukewa. Na san dalili: komai ƙwarewar mai riƙe maɓalli, in malam ya cusa baki cikin makirufo yana ihu, ba abin da zai iya. Sai an rage hasken tun kafin ya shiga. Akwai ɗan ƙaramin abu kamar murfin biro da ake ɗaurawa don haka. Na zazzage jakata, babu. Yana shago a Birnin Kudu, ga shi an bugo waya cewa motar masu duba ta wuce Kiyako, sun kusa isowa.

Zaren gilashi yana da wani hali: in ka lanƙwasa shi sosai, haske kan zurare ta gefe. Kullum abin da muke hana mutane yi ke nan. Na waiwaya ina neman abu mai kaurin da ya dace, idona ya sauka a hannun Alhaji.

"Ara mini asuwakinka."

Na goge shi, na fara naɗa igiyar a jikinsa a hankali, ido a kan mita. Alhaji ya dafe kai yana salati, yana cewa zan karya masa waya. Ni ma lallaɓa ta nake, don in ta karye babu wata. Naɗi bayan naɗi, lambar na sauka, har ta shiga inda ake so. Na ɗaure da salatif, na jona a na'ura. Koriyar fitilar na'urar ta kama, ta tsaya cak.

Masu duba suka shigo, suka kunna kwamfutoci gaba ɗaya, suka yi ta gwaji har aka kira la'asar. Ko ƙyaftawa layi bai yi ba. Babban cikinsu ya leƙa bayan akwatin na'urar ya ga itace a naɗe, ya ɗaga gira. Kafin in buɗe baki Alhaji ya riga ni, ƙirji a gaba: "Ƙarfi ne ya yi mana yawa, muka rage." Ka ce shi ya ƙirƙiro dabarar. Na ƙyale shi, don wallahi daɗin da nake ji ya ishe mu mu biyu.

Washegari na kawo abin da ya dace na ɗaura. Asuwakin kuwa Alhaji ya hana a jefar, ya rataye shi a bango.

Ranar jarrabawa na je tun da safe na tsaya kusa da na'urar, ko da yake ba abin da zan yi mata. Ta taga na hango 'yar yayata tafe daga gida, ita da sandarta, uwarta na biye tana ta yi mata addu'a. A bakin ƙofa ta tsaya ta dube ni.

"Kawu, akwai layi?"

Na ce, "Shiga ki zauna. Tun ɗazu yake jiranki."