Baba Bulus Ba Ya Share Layi

Duk wanda ya zauna a ofishinmu na Kakuri ya san Baba Bulus ba ya share layi. Mutum ne da zai zubar da shayinsa idan ya huce, amma ko kalma ɗaya ba ta ɓacewa a hannunsa.

Ga waɗanda ba aikinmu suke yi ba, mu manhajar kwamfuta muke rubuta wa 'yan kasuwa. Duk gyaran da ka yi sai ka ajiye shi da ɗan bayani, shi muke kira kwamit. Idan aiki ya ƙare, sai a dunƙule ƙananan gyare-gyaren su zama ɗaya, wato sukwash. A nan na'ura ke kwaso dukan bayanan ta jera maka, wannan ƙarƙashin wancan, ta ce ka zaɓi abin da za ka bari. Kowa sharewa yake ya bar layi guda. Baba kuwa sai ya gyara tabarau, ya karanta tun daga sama, ya tura shi yadda yake.

Oga Emeka, mai ofishin, ya yi faɗa har ya gaji.

“Baba, abeg, wannan bayani ne ko wa'azin Lahadi?”

“Wa'azi ai barci kake yi a cikinsa,” in ji Baba. “Wannan kuwa ka karanta har ƙarshe, tunda ga ka nan kana faɗa.”

Da ma bayanin kirki ne, da da sauƙi. Abin da za ka tarar shi ne: “Na gyara.” “Ashe ban gyara ba.” “An ɗauke wuta.” “Ladi ce ta gano, ni ban gani ba.” Ladin nan ni ce, kuma har roƙonsa na yi ya daina sa sunana, ya ce to in daina ganowa.

Akwai wani mai kantin magani a Narayi da ɗansa ya buɗe tarihin aikin da muka miƙa musu, ya ci karo da layin Baba: “Mai kanti ya sake canja ra'ayi, Allah ya shirye shi.” Mutumin ya zo ofis yana huci. Baba ya tura masa kujera, ya ce, “Ƙarya na yi?” Mai kanti kuwa, kafin ya tafi sai da ya nemi a canja masa launin shafin farko.

Wata rana na tambaye shi dalili, don wallahi ya gajiyar da mu. Bai ɗago kai ba. Ya ce ƙuruciyarsa kaf a masaƙa ta ƙare, shi da dubban mutane, kowa da guminsa. Ran da aka rufe masaƙar, sanarwa mai layi ɗaya suka tarar a ƙofa.

“An yi mana sukwash, Ladi. Ni ba zan yi wa kowa ba.”

Ya rasu ya bar aiki bai dunƙule ba, sai aka ɗora mini. Oga Emeka ya ce, “Layi ɗaya, Ladi, masu aikin suna jira.” Na ƙarasa gyaran, na'ura ta jero mini bayanansa. Wuta, ciwon baya, sunana, sunan Yakubu mai gadi da ya tayar da janareta. Na ƙarshe ya ce: “Na gaji. Gobe zan ƙarasa.”

Hannuna na kan madanni, na kasa sharewa. Ashe Oga na tsaye a bayana yana karantawa. Sai ya ce, “Bar masa kayansa.”

Layi ɗaya na ƙara a ƙasa: “An ƙarasa, Baba.”

Mun yi kewarka ƙwarai. Ubangiji ya ba ka hutun da ba ka samu a nan ba, kada ya share maka ko layi ɗaya na alherinka. Amin.