Soɓorodo da kanwar Yaya Hamidu

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Hamidu, malamin kimiyya a wata kwaleji a Filinge. Ya tafi ya bar ɗiyarsa Balkisa tana goye. Ni na raine ta, kuma ni take tsarewa da tambaya: "Gwaggo, wane irin mutum ne babana?" Kullum sai in ce mutumin kirki ne. To, wane mamaci ne ba a faɗa wa haka? Da ta ga amsar ba ta sauyawa, sai ta daina tambaya. Shirun nan ya fi tambayar ci mini rai, don na ga Hamidu zai ɓace wa ɗiyarsa a hannuna.

Makarantar su Hamidu ba ta da ɗakin gwaji, saboda haka madafar Inna ce ta sha wahala. Kanwa, toka, lemun tsami, duk abin da ka ajiye sai ka neme shi a aljihun Hamidu. Inna ta yi faɗa har ta gaji.

Ina budurwa ya fara nuna mini. Ya jiƙa soɓorodo, ya tace a kofin gilashi, ja wur. Ya ɗiga ruwan kanwa. Ina kallo jan ya dushe, ya rikiɗe ya koma kore mai duhu. Wallahi baya na ja ina salati! Shi kuwa ya kafe ni da ido ya ce, "Zali, ina jan ya tahi?" Sannan ya matsa lemun tsami, jan ya dawo kamar ba abin da ya taɓa shi.

Ya ce abubuwa da yawa gida biyu suke, gidan tsami da gidan kanwa, kuma launin furen nan yana bin wanda ya rinjaya. Shi ya sa Inna ke jefa kanwa a miyar yakuwa ta karya tsaminta. Na daɗe ina juya abin a raina. Furen da muke shukawa a gefen gonar hatsi, ashe Allah Ya ajiye ma'auni a cikinsa, mu muna ta sha da ƙanƙara ba mu sani ba.

Yau ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, a waya suke kallon gwaji, da kwalabe masu walƙiya na wasu ƙasashe. Na san da Hamidu na nan zai yi murna, mutum ne mai son sabon abu. Amma na rantse sai ya ƙwace wayar ya tura su madafa, don shi bai yarda an san abu ba sai hannu ya jiƙe.

Bana Balkisa ta shiga kwaleji. Ran nan ta dawo tana ƙunƙuni, wai darasin sinadarai haddar banza ce, ba ta gane komai. Ina tace soɓorodo a lokacin. Na ɗauko kofi na zuba, na ɗiga ruwan kanwa. Jan ya koma kore. Ta ɗaga kofin ta duba ƙasansa, ta duba ta gefe, sannan ta kafe ni da ido.

"Gwaggo, ina jan ya tahi?"

Na zauna a kan turmi. Ban taɓa faɗa mata wannan maganar ba, ba ta taɓa jin muryarsa ba. Ikon Allah ya wuce a ba da labari.

Hamidu bai bar gida ba, bai bar garke ba, Allah Ya jiƙansa. Abin da ya bari shi ne wannan tsayawar a gaban abin da kowa ya raina, a tambaye shi. Na miƙa mata lemun tsami, na ce ta matsa. Jan ya dawo, ta yi ihu.

Na ce, "Zauna, Balkisa. Yau zan gaya miki wane irin mutum ne babanki."