Katin Mma da Tafiyarmu Accra

Litinin

Ƙarfe huɗu da rabi, kafin kiran Asuba, muka fito daga unguwarmu Alabar a Kumasi, ina riƙe da hannun mahaifiyata Mma. Wata takwas muna jiran ranar cire mata yanar ido a Accra. A tashar Kejetia muka sami mota. Direba ya ce, "Mma, gaba naki ne." Ta zauna tana ba shi umarni kan hanyar da ba ta gani.

Mun wuce shingen 'yan sanda na Konongo lafiya. Bakwai da rabi muna Nkawkaw, na sayo burodi, ta tsaga ta raba wa duk motar. Ni ƙarshen na samu.

Accra

Azahar muka isa asibiti. Nas ta buga lambar katin inshorar lafiyar Mma a kwamfuta, sai ga tarihin jinyarta na Kumasi ya fito kaf, domin yanzu an haɗa asibitocin ƙasar. Ta ɓata fuska.

"Hajiya, sugarki ya hau sosai. Sai an ɗage aikin."

Mma ba ta taɓa ciwon suga ba. Amma ta miƙe ta ce, "To, mu koma gida."

A baranda na matsa mata, ta faɗa. Shekara uku tana ara wa maƙwabciyarmu Iya Fati katin, yadda ake aron turmi a gidanmu. Iya Fati matar marigayi dillalin shanu ce, ba ta da takardar shaida ko ɗaya.

Mma ta ce, "In na faɗa, za su yanke mata magani. Ɗan abin da nake gani ya ishe ni."

Ni na mayar da ita wurin nas, na tona. Nas ta auna jinin Mma, lafiya lau. Ta rubuta takarda ta ce, "Ku kai Iya Fati a buɗe mata nata katin, a mayar da bayananta can. Wannan sugan ba na wasa ba ne."

Talata aka yi aikin. Muka kwana biyu gidan kawuna a unguwar Nima.

Alhamis

La'asar muka shiga Alabar. Iya Fati tana ƙofa tana jira. Mma ta ɗaga baƙin gilashi, ta ƙura mata ido.

"Fati, ashe haka kika rame, ba wanda ya gaya mini?"

Ta juyo gare ni. "Kada ka cire takalmi. Asibiti za mu kai Fati."

Mun gode wa Allah da ya dawo da mu, nas ɗin nan kuma Allah ya saka mata.