Mun Je Zuru Neman Asali

Mun tashi daga Kaduna ladan bai ko gama kiran assalatu ba, ni da ɗan wani aminina marigayi. Masu tambayar inda na ɓace makon jiya, to ga labarin, amma ku yi haƙuri in kun ji ni a sanyaye. Har yau gwiwata ba ta yafe mini ba.

Ni da uban yaron nan tare muka shiga soja daga Zuru. Ni na gama na ajiye kaki, na zama mai gadi a wata masaƙa. Shi kuwa aka tura shi Laberiya, bai dawo ba, ko gawarsa ba mu gani ba. Ɗan nasa a barikin Ibadan aka haife shi, ya girma daga wannan bariki zuwa wancan, har uwarsa, mutuniyar Binuwai, ta kama ɗaki a Kaduna tana tuyar ƙosai. Yanzu ya zama saurayi, shi ma soja yake so, kuma bana ce shekarar ƙarshe da shekarunsa za su bari a ɗauke shi. Abin da ya tsaya masa a wuya takardar shaidar asali ce. A Kaduna an ce ubansa ba ɗan nan ba ne. A Binuwai an ce ɗa uba yake bi. Saura Zuru ke nan, inda bai taɓa taka ƙafa ba, ko "sannu" bai iya ba da yarenmu na C'lela.

Wata tsohuwar fijo muka samu a tasha, aka cusa mu kamar buhunan gawayi. Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na sani. Da na yi ƙorafi direba ya ce in je in tambayi masu ƙara kuɗin fetur. Na biya, don ban san gidansu ba.

Muna cikin dajin Birnin Gwari direba ya kunna rediyo, sai ga labarin Majalisa. Wai 'yan Majalisar Tarayya suna muhawara a kan ko duk wanda ya daɗe da zama a wuri za a ɗauke shi ɗan asalin wurin. Wani ya ce a yi, wani ya ce in aka yi baƙi za su cinye ƙananan ƙabilu, aka yi ta hayaniya, daga ƙarshe aka miƙa wa kwamiti. Nan take motarmu ta zama majalisa ita ma. Wani malamin makaranta a gaba ya rantse cewa ranar da aka sa hannu a wannan doka, ranar za a fara sayar da duwatsun Zuru. Wani Bafulatani mai fataucin shanu da ke gefena ya ce a Bena ta ƙasar Zuru aka binne kakansa, amma har gobe in an yi rigima a kasuwa ɗan Nijar ake ce masa. Wata mata mai kwandon kaji ta ce su dai fara gyara hanya kafin su raba mana asali. Ni ita na zaɓa. Yaron yana dai rungume da jakarsa. Maganarsa ake yi a Abuja, maganarsa ake yi a mota, ba wanda ya sani.

A Tegina muka tsaya, na yi alwala na wanke fuska, muka ci doya da ƙwai mai ɗan karen tsada. A Kontagora muka sake mota, da mu da mai kajin. Daga nan zuwa Rijau kuwa, kai jama'a! Damina ta cinye kwalta ta bar ramuka, wani ramin in akuya ta faɗa sai an nemo tsani. Sau biyu muna sauka mu tura. Kajin matar nan suka gaji da kuka suka yi tsit. Amma fa ƙasa ta yi kyau, dawa ta fi mutum tsayi dama da hagu, yara a bakin hanya da dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara. Da duwatsu suka fara bayyana na taɓa yaron na ce ya duba, ga gida nan. Ya duba ya gyaɗa kai cikin ladabi, yadda baƙo ke yi in an nuna masa hoton dangin wani.

Bayan la'asar muka shiga Zuru, muka sauka gidan ƙanwata a Rikoto. Ta tuƙa mana tuwon dawa da miyar yakuwa, na ci har na manta ina da hawan jini. Maƙwabta suka yi ta shigowa gaisuwa. A wajenmu da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton soja a bango ba, saboda haka da na ce ɗan soja ne, ba wanda ya yi mamaki. Tambaya ɗaya kowa ke yi: ɗan wane gida?

Washegari a sakatariyar ƙaramar hukuma ma ita muka tarar. Ma'aikacin mutumin kirki ne, da Hausarsa ta Kabawa, ya ce wanga lamari ba wuya, mu kawo wasiƙar mai garin ƙauyen ubansa kawai. Mai gari kuwa ba ya sa hannu sai wani namiji daga gidan ya tsaya a gabansa ya ce wannan jininmu ne. Na ce in dai wannan ne ai an gama, ƙanen ubansa yana nan da rai.

Kabu-kabu biyu muka hau, muka bi hanyar Ribah, muka ratse muka fara hawa. Inda babur ya gaza muka taka da ƙafa. Ƙauyen yana manne a jikin dutse, rumbuna sun fi ɗakuna kyau, gonaki hawa-hawa, kowace an tare ta da jeren duwatsu don kada ruwa ya tafi da ƙasa. Matan gidan na ganin yaron suka sa kuka, don ya ɗebo ubansa har tafiya. Wata tsohuwa ta kama kunnuwansa tana jujjuya fuskarsa tana kiran sunan mamacin. Aka kama zakara. Na ce a raina, shi ke nan, gobe muna hanya.

Ƙanen uban ya dawo daga gona da fartanya a kafaɗa, ya tsaya ya daɗe yana kallon yaron. Yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, ina wuni." Ya amsa. Ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi hanya, ya tambayi uwarsa. Da na faɗi abin da ya kawo mu, sai ya ce kai, shi fa bai halarci auren yayansa ba, ba a kawo masa jariri ya gani ba, yaya zai yi shaidar abin da idonsa bai gani ba? Wallahi jinina ya hau. Mutum ga fuskar ɗan'uwanka a gabanka!

Sai da matarsa ta ja ni gefe na gane inda gizo ke saƙa. Gonar da ke bayan gidan, mafi kyau a duk hawan, rabon mamacin ce. Ƙanen ne ke nomanta tun ranar da muka tafi soja. In ya tsaya gaban mai gari ya ce wannan ɗan yayana ne, to da bakinsa ya ce ga mai gona ya zo.

Na same shi a gindin rumbu, na yi masa faɗa irin namu na tsofaffin saje. Ya bar ni na gama, sannan ya buɗe mini tafin hannunsa. Ya ce duk dutsen da na gani a jere a gonar nan shi ya ɗauko shi a ka. Ya ce shi ya yi golmo, noman da saurayi ke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata, yayansa kuwa ya sa kaki ya auro tasa a bariki ba tare da ya nome wa surukai ko kunya ɗaya ba. Ya ce 'ya'yansa maza suna nan, daga gonar suke ci, ba su da fansho ba su da bariki. "Saje," in ji shi, "yau takarda yake so. In ya yi ritaya fa, me zai so?" Na so in tsane shi, abin ya ƙi.

Kwana muka yi ana kai da komo. Na ce wa yaron mu koma Zuru mu kai ƙara, gona tasa ce, shaida ma dole a yi masa. Ya tambaye ni shari'ar gona wata nawa take ɗauka. Na ce wata? Ka ce shekara. Ya ce, "Baba Saje, ɗaukar soja ba za ta jira ni ba." Da safe ya roƙi a kai shi ya ga gonar. Ya zaga ta shi kaɗai, dawa ta rufe shi ruf, sai motsin kara muke gani. Da ya fito ya ce mu je wurin mai gari.

A ƙofar mai gari dattawa suka zauna a kan duwatsu. Aka daidaita a kan cewa ƙanen zai yi shaida, shi kuma yaron zai furta a gaban kowa cewa shi da 'ya'yansa da jikokinsa ba za su taɓa neman gonar ba. Kowa a wurin yana jin Hausa, amma dattawa suka ce maganar ƙasa ba a yin ta sai da C'lela. Yaron bai iya ba. Duk suka juyo suka dube ni.

Haka aka yi. Yana faɗi da Hausa, ni ina mayarwa da yaren ubansa. Da bakina na sallama gonar aminina, mutumin da muka ci daga kwano ɗaya a bakin daga. Ban taɓa jin nauyin harshena irin na ranar ba. Da muka gama ƙanen ya miƙe, ya dafa kan yaron ya ce wannan ɗan yayansa ne, jininsu ne, duk wanda ya musa ya zo ya same shi. Na rantse ba ƙarya yake yi ba. Mata suka yi guɗa. Mai gari ya buga hatimi. Wani dattijo ya ce wa yaron yanzu ya zama ɗan gida, ya riƙa zuwa. Ban san inda zai sauka in ya zo ba, ban dai tambaya ba.

A sakatariya ko awa ba mu yi ba. Ƙanen ya aiko mana da ƙullin gyaɗa da kaza guda har Rikoto. Ƙanwata ta ce mu karɓa, na ce ta soye ta ita da 'ya'yanta, ni ba za ta wuce mini maƙogwaro ba.

Washegari muka kamo hanyar dawowa. Hanyar Rijau tana nan yadda muka bar ta, sai ma ruwan da ya ƙaru. Ina jingine da ƙofa ina tunani har Tegina. Na bauta wa ƙasar nan da ƙuruciyata, an kai ni gabas an kai ni yamma, ko'ina aka ce duk Najeriya ce, kare ta. Amma ranar da ɗanka zai nemi aiki, Najeriya sai ta tsuke ta koma ƙofar wani mai gari a kan dutse. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, masu tsoron baƙi da baƙin da ake tsoro duk talakawa ne, kowa yana riƙe da ɗan abin da yake gudun a ƙwace masa. Waɗanda ya kamata su raba gardamar kuwa suna Abuja a cikin sanyin na'ura. Na gaji, wallahi na gaji, ba gajiyar hanya kawai ba.

Ana sallar magariba muka iso Kaduna. Na raka shi har gida, muka tarar uwarsa na kwashe kaskon tuya. Ya miƙa mata takardar. Ta goge hannu a zani, ta karɓa da hannu biyu, ta durƙusa a tsakar gida tana yi wa Allah godiya, 'yan haya suka fito suna taya ta murna. Ta yi mini godiya har na ji kunya. Sannan ta juya ga ɗanta, fuskarta duk haske, ta tambaye shi ko an nuna masa gonar babansa. Ya ce an nuna masa. Ta ce marigayi ya sha gaya mata, in tsufa ya zo kuɗin haya ya gagara, kada ta damu, suna da wuri a kan dutse da ba mai korarsu. Ta ce shekarun nan duka da wannan maganar take kwana take tashi. "To yanzu tunda sun san ka," ta ce, "in ka gama horo sai ka kai ni in gan ta, ko ɗaki ɗaya ne mu fara ɗorawa."

Yaron ya dube ni. Ni da na iya mayar da magana a gaban dattawa, sai na kau da kai. Ya ce, "To, Mama." Na ɗauki jakata na ce musu sai da safe.